Yaro da Tsofaffin Littattafai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

'Yan'uwana ɗalibai, ana yawan cewa yaran yanzu ba sa karatu. A ganina suna yi, har ma sun fi na dā yawan duba rubutu. Yaro ɗan shekara 10 yana iya wuni yana bin saƙonnin WhatsApp a wayar yayansa. Abin da ya ragu shi ne zama a kan littafi guda daga farko har ƙarshe. Saƙon waya layi biyu ne, kafin ka gama wani ya shigo. Wanda ya saba da haka, in ka miƙa masa Ahalari sai ya ce ai wannan na manyan malamai ne.

To, galibin littattafan nan don masu fara karatu aka wallafa su. Ku ɗauki Risala. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, a ƙasar Tunisiya ta yanzu, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya rubuta ta ne saboda wani malami ya roƙe shi littafin da za a koyar da yara. Ahalari, na Shehu Abdurrahman al-Akhdari na Aljeriya, 'yan shafuka ne a kan tsarki da salla da gyaran mantuwa. Ajuruma, ta Ibn Ajurrum mutumin Fas, ƙofar nahawu ce ga wanda bai san komai ba tukuna. Arba'una ta Imam Nawawi kuwa hadisai 42 ne kacal.

Me ya sa suke yi wa yaro nauyi? Don ba a tsara su domin mutum ya zauna shi kaɗai ya karanta ba. Matani ne, wato magana a dunƙule. A zaure, malam zai karanta kalma da Larabci, ya fassara ta da Hausa, ɗalibi ya maimaita. Gobe sai ya biya na jiya kafin a yi masa ƙari. Layi uku ko huɗu a rana sun isa. Yaron da aka ba littafin aka ce je ka karanta, babu mai fassara masa, dole ya gaji ya ajiye.

Amfanin wannan karatu kuwa a fili yake. Yaron da ya sauke Ahalari, in ya manta zaman tahiya na farko, ya san ƙabli zai yi. In raka'a ya ƙara da mantuwa, ya san ba'adi ce. Ga kalmomin Larabci da suke taruwa a kansa ba tare da ya lura ba, ga haƙurin zama da littafi, wanda zai yi masa rana ko a jarrabawar lakwal.

Amma fa yaro yaro ne, yana son labari. Mu nan Nijar, karatunmu da Larabci da Faransanci ne, shi ya sa da yawa daga ƙannenmu suna jin Hausa amma ba su taɓa karanta littafin Hausa ba. Alhali akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, da Magana Jari Ce mai juzu'i uku, inda aku yake riƙe ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita. Yaron da ya ɗanɗana irin wannan, shi da kansa zai nemi shafi na gaba.

Saboda haka aiki ya rage gare mu, manyan ɗalibai. Ba kowane gida ne iyaye suka iya karatu ba, amma mu mun iya. Bayan Magariba, ka ajiye waya minti 15, ka zaunar da ƙanenka ko ƙanwarka. Yau layi uku na Ahalari da fassara, gobe labari ɗaya, ka tsaya daidai inda ya yi daɗi. In ya yi tambayar da ba ka sani ba, ka rubuta ta, ka kai wa malam da safe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa ƙannenmu su fi mu. Amin.