Kare Amya daga Kaskar Barowa

Daga cikin abokan gabar ƙudan zuma a yau, babu kamar wata 'yar kaska ja da masana ke kira barowa. Asalinta daga nahiyar Asiya ne, ta kuma isa Amurka a shekarar 1987. Takan shige ramin saƙa inda tsutsar zuma take kafin a liƙe shi da kaki, ta hayayyafa a ciki, tana cin kitsen jikin tsutsar, tana kuma sa mata ƙwayar cutar da ke naƙasa fukafukai. Idan aka yi sakaci, amya kan mutu cikin 'yan shekaru.

Da farko an dogara ne da magungunan ƙwari na masana'anta, sai kaskar ta saba da su, ragowarsu kuma ta riƙa maƙalewa a kaki. Wannan ya sa masu kiwon zuma suka koma ga sinadaran da ake samu a halitta, wato taimol na ganyen tayim da ake sa wa miya, da asid ɗin fomik irin na jikin tururuwa, da na oksalik wanda akwai shi a alayyafo.

Abin lura a nan shi ne, kowanne da lokacinsa. Oksalik ba ya ratsa murfin kaki, don haka a Turai akan sa shi da hunturu, sa'ad da sarauniya ta dakatar da ƙwai. Fomik yana ratsawa, amma idan zafi ya tsananta yakan halaka sarauniyar kanta. Taimol kuwa yana barin ƙamshinsa a zuma, shi ya sa sai an kwashe ta ake sa shi.