Masanin da ya karanta asirin gero, da abin da Borno ke jira

MAIDUGURI: Duk ɗan kasuwar da ke ɗora buhunan gero daga Borno zuwa Dawanau ya san cewa ribarsa tana rataye ne a kan irin da manomi ya shuka. Aikin inganta wannan iri kuwa yana wuyan Cibiyar Binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, aka kuma ɗora mata nauyin gero da alkama da sha'ir. Ita ce ta fitar wa manoma irin SOSAT-C88 a shekarar 2000.

Sai dai samar da sabon iri ta tsohuwar hanya yakan ci damina kusan 10. A nan ne aikin Farfesa Rajeev Varshney, ɗan ƙasar Indiya, ya shafi Borno. Bayan digirinsa na uku a 2001 ya yi bincike a Jamus, sannan ya kama aiki da cibiyar ICRISAT a 2005. Ya zaɓi amfanin gonar talakawa, wanda manyan kamfanonin iri ba su waiwaya ba. Ya jagoranci ayarin da ya karanta ƙwayoyin gadon waken Turawa, daga bisani a 2017 aka zo kan gero: masana 65 suka tantance ƙwayoyin gado fiye da 38,000, suka kuma nazarci nau'o'in gero 994. A cikinsu an gano waɗanda ake danganta su da jure zafin da ya haura digiri 40. A 2023 aka zaɓe shi cikin Royal Society ta Ingila.

Amfanin wannan taswira shi ne, daga ɗan guntun ganye mai bincike zai iya sanin tsiron da ya gaji juriya, ba sai ya jira kaka ba. Indiya ta riga ta ɗanɗana: a 2005 ta fitar da irin HHB 67 Improved, wanda aka tace ta wannan dabara don ya jure cutar nan mai mayar da zangarniya ganyaye.

To amma taswira ba ta shuka kanta. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya raba dubban manoma da gonakinsu a bakin tafki, kuma akasarin masu noman gero daga rumbu suke ɗebo irin shukarsu. Giɓin da ke tsakanin ɗakin bincike da gona, wato ninka ingantaccen iri da kai shi ƙauye kafin ruwan fari, yana nan yana jiran masu jari.