GUDAWAR ƊAN ZOMO BA TA JIRAN GOBE

A unguwannin 'yan Arewa da ke Kudu, irin su Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabon Badun da na Shagamu, wurin kiwo ya yi ƙaranci. Mutumin da ya taso cikin tumaki da awaki, ga shi yau a ɗaki ɗaya da ɗan baranda, sai ya sayo wa yaransa zomo, ya haɗa masa keji da katako da waya a bayan ɗaki. Yara su yi ta murna, har su raɗa masa suna. Amma sau da yawa ba a cika mako biyu ba, sai a wayi gari a tarar da ɗan zomon ya takure a lungu, gindinsa jiƙe da kashi, kafin la'asar ya mutu. Gudawa ce, kuma tana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe 'ya'yan zomaye bayan yaye.

Da farko dai ya kamata mai kiwo ya san cewa kashin zomo iri biyu ne. Akwai busasshe mai kama da ƙwayar wake, akwai kuma mai laushi da ƙyalli, a dunƙule, wanda zomo kan fitar galibi da dare ko da asuba, ya mayar da shi ciki nan take. Wannan ba ƙazanta ba ce a wurinsa, abinci ne, haka Allah ya halicce shi. Wanda ya ga irin wannan a keji, alhali zomonsa na ci yana tsalle, kada hankalinsa ya tashi. Gudawa ta gaskiya ita ce kashi ya tsinke kamar kunu, ko ya zo da majina ko jini, da wari, busasshen kuwa ya ɗauke. Sa'an nan dabbar ta ƙi abinci, cikinta ya kumbura, tana cizon haƙora saboda ciwo.

To, me ke kawo ta? Zomo yana da wata babbar jaka a cikin hanjinsa, cike da ƙananan ƙwayoyin halitta masu narkar masa da ciyawa. A jikin ƙarami, wanda bai wuce wata biyu ko uku ba, waɗannan ƙwayoyi ba su gama zama daram ba tukuna, abu kaɗan ke birkita su. 'Yan kasuwa kuwa sukan raba shi da uwarsa tun yana mako uku ko huɗu, don ƙarami ya fi shiga ran mai saye. Ya zo sabon gida, ga tsoro, ga hannuwan yara, ga sabon abinci. Wannan ya ba shi burodi, wancan ya ba shi koko ko sauran shinkafa, uwar gida ta tausaya masa ta dama masa madarar gwangwani. Duk waɗannan ba cimarsa ba ne. Idan sitaci da sukari suka yi yawa a jakar nan, sai miyagun ƙwayoyi su rinjayi na kirki, su zuba dafi cikin hanji. Haka kuma ganyen da aka tsinto a kasuwa, wanda ya kwana a buhu ya ɗauki zafi, da ciyawar bakin kwata, da ganyen rogo ɗanye.

Akwai kuma cutar da likitocin dabbobi ke kira koksidiyosis. Masu kiwon kaji sun san 'yar'uwarta mai sa 'yan tsaki kashin jini, amma ta zomo daban take, ba daga kaji yake ɗauka ba, daga kashin 'yan'uwansa zomaye ne, har da uwarsa. Ƙwan cutar kan fito cikin kashi, kuma sai ya sami kwana ɗaya zuwa biyu ko fiye a wuri mai ɗumi da laima kafin ya iya kama wani. A nan ne mutumin Arewa ya kamata ya lura. A gida, rana da iskar rani sukan busar da kashi da wuri. A Ikko ko Fatakwal kuwa damina doguwa ce, katakon keji ba ya bushewa, don haka kejin da ake sharewa mako-mako ya zama gonar cuta.

Idan an ga alamun gudawa, abin yi shi ne a nufi likitan dabbobi a ranar, domin ɗan zomo na iya mutuwa cikin kwana ɗaya. Kowace jiha tana da asibitin dabbobi na gwamnati, Jami'ar Badun ma tana da nata na koyarwa. A tafi da ɗan kashin a ƙulle cikin leda. Likita zai duba shi a madubinsa, in koksidiyosis ce ya ba da maganinta, irin su salfa ko toltrazuril, gwargwadon nauyin dabbar, in kuma ruwan jiki ya ƙare ya yi masa allurar ruwa ƙarƙashin fata.

Kafin a kai ga likita, a ware shi daga sauran, a sa shi cikin kwali da busasshen tsumma, a ajiye kwalbar ruwan ɗumi nannaɗe da zane a gefensa, domin jikin mai gudawa saurin yin sanyi gare shi. A ɗan ja fatar bayan wuyansa a saki. Idan ta tsaya a tattare ba ta koma ba, ruwa ya ragu ƙwarai. A sayi ƙunshin ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba jarirai, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikinsa, a riƙa ɗiga masa da sirinji marar allura ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Kada a kwantar da shi rigingine a ɗura masa, ruwan zai faɗa huhunsa. A janye ganye da dusa da duk abin da ya fito daga tukunya, amma fa kada a bar shi da yunwa: busasshiyar ciyawa mai tsabta ta kasance a gabansa kullum. Harawar gyaɗa ko ta wake, wadda ake kawowa daga Arewa ana sayarwa a kasuwannin raguna, ta wadatar, muddin ba ta yi hunhuna ba. A wanke masa gindi kawai da ruwan ɗumi, a tsane shi sarai. In aka bar shi a jiƙe, ƙuda zai yi ƙwai a wurin, washegari a ga tsutsa tana cin nama.

Babban kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne na kafso. An saba, da zarar kaza ko akuya ta yi zawo, sai a aiki yaro kemis ya sayo Ampiclox, a fasa a zuba cikin ruwa. Ga zomo wannan guba ce. Ampisilin, da amoksisilin, da sauran dangin penisilin da ake sha ta baki, da linkomaisin, da eritromaisin, suna kashe ƙwayoyin kirkin nan da ke cikin jakarsa, su bar miyagun. Lafiyayyen zomo ma suna iya sa shi gudawar da za ta kashe shi, balle wanda ya riga ya kwanta. Mai kemis maganin mutane ya sani, ba laifinsa ba ne in bai san wannan ba.

Wanda ke shirin sayen wani, ya nemi wanda ya kai wata biyu, ya ɗaga shi ya duba ƙarƙashin wutsiyarsa tun a gaban mai sayarwa, ya kuma tambayi abin da ake ba shi, ya ci gaba da shi. In za a sauya abinci, a yi a hankali cikin mako ɗaya ko biyu, sabon ganye iri ɗaya a lokaci guda, a bar shi ya sha iska tukuna. Ƙasan keji ya zama na waya don kashi ya zube, da ɗan allo a gefe inda zai huta ƙafafunsa. A kwashe kashi kowace safiya, a wanke mazubin ruwa da na abinci, lokaci-lokaci a zuba wa kejin tafasasshen ruwa a shanya shi a rana, domin magungunan wanke ɗaki da aka saba da su ba sa kashe ƙwan koksidiyosis. Yaran da ke wannan aiki kuma su wanke hannu da sabulu kafin su zauna cin abinci.