Bijimi nagari kaɗai ba ya isa: yadda gado ke naɗe cikin jikin bisa

Ƴan uwa makiyaya da manoma masu kiwo na Adar, kun sha ganin mutum ya sayo bijimin Azawak mai kyau a kasuwar Abalak ko ta Tawa, amma maruƙan da aka samu ba su kai uban ba. Sai a ce an cuce shi. To, ba kullum ba ne.

Jikin bisa ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Cikin kowace ƙwaya akwai zaren gado, wanda masana ke ce ma ADN, rabi daga uwa, rabi daga uba. A saniya zaren ya kasu 60, a tunkiya 54, a raƙumi 74. In an miƙe na ƙwaya guda, tsawonsa ya kai wajen mita 2!

Ƙaƙa ya shiga? A naɗe yake. Akwai wasu ƴan ƙwallaye, kowane da sinadari 8 da ake kira histon. Zaren ya zagaye ƙwallo kusan sau biyu, ya wuce ga na gaba, kamar tasbaha. Ƙwallo da zarensa shi ne nukiliyozom. Wani masani ɗan Amurka, Roger Kornberg, ya bayyana shi a 1974.

Ga inda zancen ya shafe ku. Inda naɗin ya matse, gadon wurin barci yake. Inda ya sassauta, sai ya yi aiki. Ƙwayar hantsa da ta ƙaho gadonsu ɗaya, naɗin ne ya bambanta, shi ya sa waccan ke yin nono, wannan kuwa a'a. An ga shaida a 1996, da aka haifi tunkiya Dolly a Sikotilan daga ƙwayar hantsar wata tunkiya.

Tun maraƙi yana ciki ake shirya wannan naɗi, kuma abincin uwa na taɓa shi. Saniyar da ta sha yunwar bazara da ciki takan haifi maraƙi maras ƙarfi, mai jinkirin girma, ko da ubansa daga garken Ibesetan ya fito. Amma fa zaren kansa ba ya canzawa: dussa ba ta maida saniyar Bororo Azawak.

Saboda haka, daga watan Maris har ruwa ya zauna, ku ware shanu masu ciki. Su za a fara ba harawa, dussa, angurya da gishirin lasa, kafin bijimin da kuke kiwatawa don kasuwa. In abincin bai isa duka ba, a fara da waɗanda cikinsu ya wuce wata 6.