Cacar hasashen kujeru: abin da zaɓen Benin ya koya wa masu sa kuɗi

A majalisun mai shayi daga Parakou zuwa Djougou, musun siyasa ba ya nisa kafin wani ya ce, "To, mu sa kuɗi mana." A da jaka ɗaya ko biyu ake damƙa wa amintacce, ranar sakamako mai rabo ya ɗauka. Yanzu abin ya hau waya. Matasan da suka saba cacar ƙwallon Turai sun fara jin labarin shafuka irin su Polymarket da Kalshi, inda ake caca a kan zaɓe, har ma a kan abin da bai kai zaɓe ba: shin jam'iyyar adawa za ta wuce ta gwamnati a hasashen kujerun majalisa kafin rana kaza?

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Ana kafa tambaya mai amsar e ko a'a, kowace amsa da farashinta, tsakanin sifiri da dala ɗaya (dalar Amurka ake nufi, ba dalar sefa biyar ta kasuwar Zongo ba). Idan "e" tana kan santi 30, masu ciniki suna ganin yiwuwar abin kashi 30 ne cikin ɗari. Wanda ya saya, in ta tabbata ya karɓi dala guda, in ba ta tabbata ba ya tashi a tutar babu.

Kanada ce misali mafi sauƙi. A can akwai shafin 338Canada na Philippe Fournier, wanda ke tattara sakamakon jin ra'ayin jama'a yana hasashen kujerun kowace jam'iyya. A farkon watan Janairun 2025 'yan adawa na Conservative sun ba jam'iyya mai mulki ta Liberal tazarar sama da maki 20. Sai Justin Trudeau ya sanar da murabus, Donald Trump ya taso Kanada da barazanar haraji, Mark Carney ya karɓi ragama, hasashe ya kife. Ranar 28 ga Afrilu Liberal ta ci zaɓe, jagoran adawa Pierre Poilievre ya rasa har kujerar mazaɓarsa. A lura, mai caca a kan hasashe ya jingina kuɗinsa ne ga lissafin mutum ɗaya da alƙaluman da aka ba shi, tun kafin a jefa ƙuri'a ko ɗaya. Kuma ko a can yawan ƙuri'a bai cika zama yawan kujeru ba: a 2021 Conservative ta fi Liberal ƙuri'u, amma ta samu kujeru 119, Liberal ta samu 160.

A Jamhuriyar Benin tazarar da ke tsakanin ƙuri'a da kujera ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba. A zaɓen 2019 ba a bar ko jam'iyyar adawa ɗaya ta shiga takara ba, jam'iyyu biyu masu goyon bayan shugaba Patrice Talon suka raba kujeru 83, waɗanda suka fita zaɓe ba su kai kashi 30 ba. A ranar 8 ga Janairun 2023 adawa ta dawo. Majalisa ta koma mai kujeru 109, an ware wa mata 24 daga ciki, ɗaya a kowace mazaɓa. UPR ta samu 53, Bloc Républicain 28, Les Démocrates ta tsohon shugaba Boni Yayi ita ma 28, da kusan kashi 24 na ƙuri'u. A lokacin sharaɗin shiga rabon kujeru shi ne kashi 10 a faɗin ƙasa.

Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma yana iya cewa adawa ta kama hanya. Sai dai a watan Maris na 2024 majalisa ta gyara dokar zaɓe. Daga nan jam'iyya ba ta shiga rabo sai ta samu kashi 20 a kowace ɗaya daga cikin mazaɓu 24. Jam'iyyun da suka ajiye yarjejeniyar ƙawance a hukumar zaɓe ta CENA kafin ranar zaɓe ne kawai aka bar wa sassaucin kashi 10 na ƙasa baki ɗaya.

Ga ma'anar wannan a aikace. Manomi a Kolokondé yana jefa ƙuri'arsa a mazaɓa ta 13, wato Djougou, mahaifar Abdoulaye Bio Tchané na Bloc Républicain. Ɗan kasuwa a Parakou yana mazaɓa ta 8, wadda ta haɗa da Tchaourou, garin Boni Yayi. Ko da jam'iyyar da suka zaɓa ta zo ta ɗaya a mazaɓunsu, ƙuri'arsu ba za ta haifi ɗan majalisa ba matuƙar jam'iyyar ta gaza kai kashi 20 a wata mazaɓa guda can kudu, a wajen Abomey ko Porto-Novo, inda wataƙila ba su taɓa taka ƙafa ba. Masu kare dokar suna cewa za ta tilasta wa jam'iyyu zama na ƙasa, su daina zama na yanki ko ƙabila. Hujjar tana da ɗan nauyi a ƙasar da ta taɓa tara jam'iyyu sama da 200. Amma shingen ya yi tsayin da ko jam'iyyar da mutum ɗaya cikin huɗu ya zaɓa tana iya kasa tsallakewa.

Zaɓen 11 ga Janairun 2026 ya nuna haka ƙarara. Les Démocrates ta samu kusan kashi 16. Lissafi kaɗai ya isa: wanda jimillarsa 16 ce ba zai yiwu a ce ya kai 20 a ko'ina ba. UPR ta kwashe kujeru 60, Bloc Républicain 49, adawa ko ɗaya. Duk wanda ya raba 109 da ido ya ce adawa za ta samu kamar 17, ya kuma sa kuɗinsa a kai, bai karanta dokar ba.

Akwai kuma matsalar inda hasashen ke fitowa. A Kanada kamfanoni da yawa suna fitar da sakamakon jin ra'ayi kusan kowane mako, da sunansu da yawan mutanen da suka tambaya. Jadawalin da ke yawo a WhatsApp lokacin zaɓe, mai raba kujeru mazaɓa mazaɓa, galibi ba shi da uba, kuma sau da yawa farfaganda ce aka sa wa rigar lissafi. Hukuncin caca a Musulunci kuwa ba sai an tuna wa mutanen Zongo ba, sun san shi tun daga makarantar allo.

Ko Faransa, da ta halatta cacar wasanni, ba ta amince da wannan ba: a ƙarshen 2024 hukumar kula da caca ta ƙasar ta sa Polymarket ya rufe wa mazauna Faransa ƙofar sa kuɗi. A Benin kuma, gyaran tsarin mulki na watan Nuwamban 2025 ya mai da wa'adin 'yan majalisa shekara bakwai, don haka kujerun nan 109 suna hannun jam'iyyu biyu har 2033.