Komawar jiragen dabino gida

A ƙasar Nijar iska tana da lokatai biyu. Da hunturu tana busowa daga gabas maso arewa. Da damina kuma sai ta juya, ta fito daga yamma maso kudu. Can gabashin Afirka, a kan Tekun Indiya, haka iska ta ke juyawa sau biyu cikin shekara. Da wannan juyi ne fataken Larabawa su ka daɗe suna tafiya.

Jiragensu na katako ne, ba su da inji. Babban ƙyalle a ke ɗaura wa dogon itace a tsakiyar jirgi. Iska ta cika ƙyallen, ta tura jirgin gaba. Shugaban jirgi sunansa nahoda. Shi ne kamar madugu a cikin ayarin gishirin Bilma.

Jiragen Kuwet su kan tashi wajen watan Satumba. Su kan ɗauki dabino a Basara, cikin ƙasar Iraƙi. Ba su yanke teku kai tsaye. Gaɓa su ke bi, gari bayan gari, suna saye suna sayarwa: Maskat, Adan, Magadishu, Lamu, Mambasa, har tsibirin Zanzibar. Iskar arewa ce ke kai su. Daga nan wasu su kan shiga bakin kogin Rufiji, a ƙasar Tanzaniya ta yau. Can a ke saran wani itace mai tsirowa cikin ruwan gishiri. Da shi Larabawa ke rufin ɗaki, kamar yadda a ke yi da azara.

Cikin watan Afirilu iska ta kan juya. Daga ranar nan nahoda ba ya da sukuni. Ko bai gama ciniki ba, tilas ya kama hanyar gida. Dalili kuwa, iskar kudu da taushi ta ke farawa, amma daga watan Yuni sai ta haukace, teku ya yi ta tumbatsa. Wanda ya makara, ko dai ya yi kasada da rayukan mutanensa, ko ya laɓe a wani gari na watanni, iyalinsa suna jira.

Wani Bature mutumin Ostareliya, Alan Villiers, ya bi irin wannan jirgi. Ya shiga a Adan ƙarshen 1938, ya sauka a Kuwet cikin watan Yuni 1939. Ya rubuta littafi a kan abin da ya gani.

Ran isowa gida ranar murna ce. Matuƙa su kan shigo da kiɗa da waƙa da tafi. Amma aiki bai ƙare ba tukuna. Sai an sauke kaya, an jawo jirgi inda ruwa ba ya da zurfi, an tokare shi da itatuwa. A kankare dattin teku da ya manne masa. A toshe kafofin katako da auduga. Ƙasan jirgi a shafe shi da kitse haɗe da farar ƙasa, saboda wata tsutsar teku mai cin katako kamar gara. Samansa kuma a shafa masa man kifi. Sa'an nan a rufe shi da tabarmin kaba, kada zafin rana ya tsaga shi.

Bayan haka a ke zaman lissafi, kuma nan ne zuciyar kowa ta ke. Matuƙa ba su da albashi, rabo su ke samu. Da farko a fid da kuɗin abincin da aka ci a hanya. Abin da ya rage a raba biyu: rabi na mai jirgi, rabi na ma'aikata. Nahoda ya fi kowa kaso. Sau da yawa ƙaramin matuƙi ya riga ya ci bashi kafin tashi, don ya bar wa iyalinsa abinci. In an cire bashin, ɗan abin da ya rage na wahalar wata tara bai taka kara ya karya ba. Wani ma da sauran bashi ya ke tashi, dole ya sake bin wannan nahoda in dabino ya nuna.

A 1946 Kuwet ta fara sayar da man fetur ga ƙasashen waje. Matuƙa su ka sami aikin albashi a tudu, kusa da iyalansu. Kaɗan kaɗan manyan jiragen dabino su ka daina zuwa Zanzibar.