LESIN: AMFANINSA DA ILLARSA

A garuruwanmu da yawa, in an tashi daga makaranta da rana, yaro yakan ci abinci a tsaitsaye, ya sake ɗaukar jaka ya nufi lesin. Wani malami ke zuwa har gida, wani kuma shi ke bin malamin zuwa wani ɗaki da aka kama haya. Iyaye sukan tambaye mu, mu malamai, ko wannan kuɗi da suke kashewa yana da amfani. Tambayar ta cancanci a zauna a duba ta da kyau.

Mu fara da abin da ya kawo shi. Tun da aka buɗe shirin ba da ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, yara suka cika makarantu, azuzuwa da malamai kuwa ba su ƙaru daidai da su ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce kada ajin sakandare ya wuce ɗalibai 40 ga malami ɗaya, amma akwai makarantun da aji ɗaya ya ninka haka. Ga kuma jarrabawa tana jira. Mai son shiga jami'a sai ya sami kiredit biyar, har da Turanci, a jarrabawar WAEC ko ta NECO wadda aka kafa a 1999. Bayan wannan ga JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta kuma koma yin jarrabawarta da kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Uban da ya ga wannan duka, ba laifinsa ba ne in ya nemi mai taimaka wa ɗansa.

Amfanin lesin a fili yake ga yaron da aka bari a baya. Lissafi kamar ginin bulo ne, kowane layi a kan na ƙasa yake zaune. Yarinyar da ta yi wata guda tana fama da zazzaɓi lokacin da ake koyar da lissafin ɓangarori za ta sha wuya in an zo aljabara, ba don ba ta da ƙwaƙwalwa ba. Malamin aji ba zai tsayar da mutum sittin saboda ita ba. Malamin lesin na kirki kuwa zai gano inda ramin yake, ya cike shi cikin 'yan makonni. Akwai kuma yara masu kunya, waɗanda ba za su taɓa ɗaga hannu a aji ba don gudun dariyar 'yan'uwansu. A gaban mutum ɗaya bakinsu yakan buɗe.

To, amma akwai illa, kuma tana da yawa. Ta farko gajiya ce. Yaron da ya fita tun da sassafe, ya dawo bayan faɗuwar rana, yaushe zai yi aikin gida da aka ba shi? Yaushe zai taya mahaifiyarsa aiki, ko ya je koyon waƙa a majami'a, ko Islamiyya in Musulmi ne? Mukan gan su da safe suna gyangyaɗi a darasin farko. Wani kuma yakan daina sauraro a aji, yana cewa ai malamin lesin zai maimaita masa da yamma. Irin wannan yaro ba ya koyon zama shi kaɗai ya yi kokawa da littafi, alhali a jami'a babu mai tauna masa.

Wadda ta fi damunmu ita ce ta ɓangaren malamai. Albashi ba ya isa, wannan gaskiya ne, kuma ba haram ba ne mutum ya nemi ƙari da guminsa. Amma in malami ya riƙe rabin darasi a aji don ya sayar da shi da yamma ga ɗalibansa masu iya biya, ya zalunci ɗan talaka, ya kuma ci amanar aikinsa. Daga nan ba nisa zuwa wuraren da ake karɓar kuɗi ana yi wa yara alkawarin amsa a ranar jarrabawa.

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. Gwamnatin Koriya ta Kudu ta haramta lesin na kuɗi a 1980 domin kada 'ya'yan masu hali su danne na talakawa. Iyaye suka ci gaba da yi a ɓoye, har kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar a shekarar 2000. Ƙasar Sin ma ta hana kamfanoni cin riba da koyar da manyan darussan makaranta a 2021.

A ganinmu, kafin iyaye su ɗauki malamin lesin su zo su ga malamin aji tukuna, su ji takamaiman darasin da ke ba yaron wuya. Sai a ɗauki malami don wannan darasin kaɗai, sau biyu ko uku a mako, a yanka masa wa'adi na zango ɗaya. Kada ya zama malamin da ke koyar da yaron a aji. A ƙarshen zangon a kwatanta sakamakon da na baya, a kuma duba littafin aikin yaron a ga ko da hannunsa ya yi. In kuwa kuɗi babu, ɗalibai huɗu ko biyar suna iya haɗuwa ranar Asabar su bi tambayoyin shekarun baya tare, abin da ya gagare su su kawo mana ranar Litinin.